A DAINA ƊORA WA HAƘORI LAIFIN MUTUWAR YARA

Akwai wata magana guda da ta daɗe tana cin rayukan 'ya'yan Hausawa mazauna Kudu, ba a kuwa taɓa kai ta gaban alƙali ba. Maganar ita ce "haƙori ne". Daga Agege zuwa Idi Araba, daga Sabo ta Badun zuwa Sabo ta Shagamu, har Ama Hausa ta Owerri da unguwannin Fatakwal, da zarar yaro ɗan wata 7 ko 8 ya fara gudawa, jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono, sai wata dattijuwa a gidan haya ta leƙa bakinsa ta ce haƙori ne, zai wuce. Da jin haka sai hankalin uwa ya kwanta, uba ya fice neman abinci, a aiki wani kyamis ya sayo maganin haƙori. Kwana biyu, kwana uku, idanun yaro su zurma, maɗigarsa ta faɗa. Ranar da za a ɗauke shi a nufi asibiti, sau da yawa a cikin mota yake cikawa, ko a bakin ƙofa. Sa'an nan a taru zaman makoki, ana cewa ai haƙorin ne ya zo masa da ƙarfi.

To, lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Fitar haƙori ba cuta ba ce, kuma ba ta kashe yaro. Likitocin yara bakinsu ɗaya a kan wannan batu. Yaran da ake binnewa da sunan haƙori, gudawa ce ke kashe su, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon haƙarƙari, ko sanƙarau, kuma dukkan waɗannan ana maganinsu in an kai yaro da wuri. Aikin da maganar haƙori ke yi shi ne ta cinye kwanakin nan biyu ko uku da za a iya ceton yaro a cikinsu. Saboda haka duk wanda ya dubi yaro yana zawo yana amai ya ce a ƙyale shi haƙori ne, lalle yana da kamasho a cikin abin da zai biyo baya, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa.

ABIN DA HAƘORI KE YI

Galibi haƙorin farko yakan ɓullo ne yaro yana da kimanin wata 6. Wani ya riga haka, wani ya yi jinkiri har ya kusa shekara, kuma duk lafiya ne. Daga nan haƙora su yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, har su cika 20 wajen shekara 3. Watau tsawon shekara biyu da rabi, in an leƙa bakin kowane yaro da wuya a rasa haƙorin da ya fito ko yake shirin fitowa. Ke nan ko wace irin cuta ce ta kama shi a tsakanin nan, mai neman ɗora wa haƙori laifi ba zai rasa shaida ba.

Abin da fitar haƙori ke jawowa sananne ne, kuma ba shi da yawa. Dasashi yakan yi ƙaiƙayi ya ɗan kumbura, miyau ya riƙa dalala, yaro ya riƙa cizon duk abin da ya samu, ya yi 'yar rigima, barcinsa ya ɗan ragu. Jiki yana iya yin ɗumi kaɗan. Amma in ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 ko fiye, wannan zazzaɓi ne, yana da dalilinsa dabam. Haka nan kashi mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini gudawa ce, ƙwayoyin cuta ne suka shiga hanji. Haƙori ba shi da wata hanya da zai bi ya tsinka cikin yaro.

Mai karatu yana iya tambaya, to me ya sa cututtukan nan suke zuwa daidai lokacin haƙori? Amsar a fili take. Jariri yakan zo duniya da garkuwar da ya samo daga jinin uwarsa, garkuwar nan kuwa takan yi rauni wajen wata 6. A daidai lokacin ne ake fara ba shi koko da kunu da ruwan randa. A lokacin ne kuma yake fara zama da rarrafe, yana tura duk abin da hannunsa ya kai a baki. Duk wanda ya san gidan haya a Ikko, inda ɗakuna masu yawa ke tarayya a bayan gida guda, kwata tana gudana a ƙofar ɗaki, ruwan sha kuma daga jarkar 'yan ga-ruwa yake, ya san irin abin da hannun yaro mai rarrafe ke kwasa. Haƙori da cuta haɗuwa suka yi a hanya, kamar yadda zakara kan yi cara lokacin ketowar alfijir, alhali ba shi ya fito da rana ba.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan kuskure na Bahaushe ne shi kaɗai. Turawan Ingila sun daɗe a cikinsa. A lissafin mace-macen birnin Landan na 1842, kusan kashi 5 cikin 100 na jariran da suka mutu ba su cika shekara ba, an rubuta cewa haƙori ne ya kashe su. Likitocinsu na wancan zamani har tsaga dasashin yara suke yi, ana kuma ba yaran wani garin maganin haƙori mai ɗauke da zaiba. Garin nan ya sa wa yara masu yawa wata cuta da ke mai da hannuwa da ƙafafu jajur, fata tana saɓulewa, wasu har su mutu. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka gano zaiba ce sanadi, aka cire ta daga maganin a shekarun 1950, cutar kuwa ta kusan ɓacewa. Su sun gane kuskurensu sun bari. Saura waɗanda har yau suke riƙe da shi hannu biyu-biyu.

MAGANIN HAƘORI DA ABIN DA YA JAWO

Illar maganar ba ta tsaya ga jinkiri ba. Tunda an yarda cewa haƙori cuta ne, dole a nemo masa magani, 'yan kasuwa kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Nuwamba na 2008 likitoci a Ikko da Zariya suka fara ganin wani abu mai tayar da hankali. Ana ta kawo musu ƙananan yara da zazzaɓi da amai, fitsari ya ɗauke musu ɗungum, ƙoda ta daina aiki. Da aka bi sawu sai aka tarar galibinsu an ba su wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Ikko ke yi. Binciken hukumar NAFDAC ya nuna cewa maganin yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira dayetilin gilaikol, irin wanda ake sawa a man birki. Zuwa watan Fabrairu na 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙidaya yara 84 da suka mutu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu hukuncin ɗaurin shekara 7 kowanne. Ɗaurin bai dawo da yaro ko ɗaya ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, maganin da ya kashe su an yi shi ne domin abin da tun farko ba ya bukatar magani.

Wannan kuwa ba shi ne karo na farko ba. A 1990 irin wannan sinadari ya shiga ruwan farasitamol, yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Badun. A 2022 ƙasar Gambiya ta rasa yara kimanin 70 ta hanyar ruwan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Duk kwalbar da aka ɗura wa jariri ba bisa larura ba, caca aka yi da ransa.

Ko maganin haƙorin da babu guba a cikinsa yana da nasa sharrin. Da yawa daga cikinsu farasitamol ne aka haɗa da wani sinadari mai sa barci. Yaro ya sha, zafin jiki ya sauka na 'yan sa'o'i, ya yi barci, iyaye su ce magani ya karɓe shi. Alhali kuwa ƙwayar cutar zazzaɓi tana nan tana cin jininsa, gudawa tana nan tana tsotse ruwan jikinsa. An rufe bakin yaro ne kawai, an hana shi faɗin ciwonsa ta hanya guda da ya iya, watau kuka.

Dole ne kuma a taɓo mai kyamis. Lasisin da hukuma ke ba mai shagon magani na sayar da ƙananan magunguna ne. Bai ba shi ikon duba marar lafiya ba, balle ya yi masa allura. Amma ga shi nan a kowane lungu na Sabo ya zama likitan unguwa, yana haɗa wa jaririn da bai gani ba magani kala huɗu ko biyar bisa bayanin ɗan aike. Sai a ɓare kafso ja da rawaya a zazzage a koko, alhali likitoci ba sa ba yaron da bai kai shekara 8 ba irin wannan kafso, domin yana rine haƙora ya ɓata su. Ga abin mamaki, maganin da aka ba yaro saboda haƙori shi ne zai lalata masa haƙorin. Bugu da ƙari, galibin gudawar ƙananan yara wasu ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta waɗanda kafso ba ya yi musu komai. Maganin tsayar da gudawa na manya kuwa yana iya tsayar da hanjin jariri, ciki ya kumbura. Na faranti da ke yawo da magani a ka cikin rana, ba a ma maganarsa. Akwai masu kyamis na kirki, kuma ba su da wuyar ganewa. Na kirki shi ne wanda zai miƙa ledar gishiri da sukari, ya ce Alhaji wannan ya fi ƙarfin shago, a kai shi asibiti yanzu.

Haka nan wanzami. Wasu in gudawa ta ƙi tsayawa sai su ce beli ne, a kira wanzami ya yanke, ko a tsaga dasashi wai don haƙori ya sami hanya. Yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ƙare sai kuma a ƙara masa da zubar jini da miki a baki, ya kasa kama nono gaba ɗaya. Wasu kuma in maɗiga ta faɗa sai a dama magani a shafa a kai. Faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki. Maganinta ta baki yake shiga, ba ta tsakiyar kai ba.

ABIN DA KE CETON YARO

Gudawa tana kisa ne ta hanyar ƙarar da ruwa da gishirin jiki. Jikin jariri ƙarami ne, ruwan da zai zubar a yini guda yana iya kai shi kushewa. In aka mayar masa da ruwan da ya zubar, galibi cikin 'yan kwanaki gudawar za ta tsaya don kanta.

A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likitan Indiya mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ruwa ana ba marasa lafiya su sha. Masu mutuwa suka ragu daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A Nijeriya kuwa, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ta yaɗa wannan ilmi har rediyo da talabijin suka ɗauka. A 1980 gudawa tana kashe yara fiye da miliyan 4 a duniya kowace shekara. A 'yan shekarun nan adadin ya sauko ƙasa da rabin miliyan, kuma ruwan gishiri da sukari yana da babban rabo a wannan nasara.

Ledar ORS tana nan a kowane kyamis da kowane asibiti, kuɗinta bai kai na kwalbar maganin haƙori ba. Ana dama ta ne a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, ba a ƙara ba a rage. In ba a samu ba, a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Tare da wannan a ba shi ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, domin tana rage tsawon ciwon tana kuma kare shi daga dawowarsa nan kusa. Nono kuwa kada a yanke, abinci kada a hana. Masu cewa in an ba yaro ruwa gudawa ƙaruwa take yi, sun yi kama da wanda tulunsa ke yoyo ya ce maganin abin shi ne a daina zuba ruwa.

Zazzaɓi shi ma ba a yi masa duba da ido. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, galibinsu kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Gwajin jini na ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka, maganin kuma na kwana 3 ne. In an fara shi a ranar farko yaro yakan tashi. In an bari har jini ya ƙare ko cutar ta haye ƙwaƙwalwa, sai dai abin da Allah ya yi.

Akwai alamun da ya wajaba kowane magidanci da kowace uwa su haddace, domin da ganin ko ɗaya daga cikinsu babu sauran shawara sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa. Ya riƙa amayar da duk abin da ya sha. Ya yi taune-taune ko jijjiga. Ya yi laushi, barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai. Numfashi ya yi sauri, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa in ya ja iska. Jini a cikin kashi. Idanu su zurma, ko a ja fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba. Fitsari ya ɗauke. Sa'an nan duk jaririn da bai kai wata 2 ba in jikinsa ya yi zafi, ba a kwana da shi a gida.

Shi kuwa haƙori, in da gaske shi ne ke damun yaro, uwa ta wanke hannu da sabulu ta goga masa dasashi da ɗan yatsa, ko ta ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza. Iyakar maganinsa ke nan.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na farko shi ne ajali. Ba mai musun cewa rai da mutuwa a hannun Allah suke. Amma malamai ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. Mutumin da ke cewa ajali ne a kan ɗansa, in sa guda ya ƙi cin abinci a kara, kafin azahar ya nemo malamin dabbobi. In babur ɗinsa ya canja ƙara, ba ya kwana bai ga makanike ba. Me ya sa sai a kan yaro ake tuna ƙaddara?

Na biyu shi ne, ai haka iyaye da kakanni suka yi renonsu, ga shi kuwa an rayu. Waɗanda suka rayu su ne ke magana, waɗanda suka mutu ba su da baki. Duk wanda ya zauna da tsohuwarsa ya tambaye ta nawa ta haifa, nawa suka tsaya, zai ji amsar da za ta sa jikinsa ya yi sanyi. Alƙaluma ma sun nuna haka. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 suna mutuwa kafin su cika shekara 5. A Kudu maso Yamma kuwa 62 ne. Dalilan wannan rata suna da yawa, akwai talauci, akwai nisan asibiti, akwai ƙarancin ma'aikata. Mutumin ƙauye da asibiti ya yi wa nisan tafiyar yini yana da hanzarinsa. To wanda ke zaune a Idi Araba fa, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yake tun 1962? Wanda ke Sabo ta Badun fa, ga babban asibitin UCH da aka buɗe a 1957 ba nisa? A tsibirin Ikko akwai asibitin yara na Titin Massey, a Badun akwai asibitin yara na Oni, ban da ƙananan asibitocin ƙaramar hukuma da ke unguwa-unguwa. Hasara ce babba mutum ya bar garinsu ya zo ƙasar da yara 62 ke mutuwa, amma ya taho da ɗabi'un da za su riƙe gidansa a cikin lissafin 187.

Katin awon yara ma da wasu ke jefawa ƙarƙashin katifa, a nan Kudu aka haife shi. Wani likita Bature, David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun ƙarshen shekarun 1950, shi ya ɓullo da asibitin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da katin da ake zana nauyin yaro a kai wata-wata. Daga nan duniya ta ɗauka. Katin yana nuna ramar yaro tun kafin ido ya gani. A wurin awon ne kuma ake yin allurar rigakafi kyauta, ranar haihuwa, da sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, da wata 15. Tun watan Agusta na 2022 an ƙara da ɗigon rigakafin rota, ƙwayar cutar da ta fi kawo gudawa mai tsanani ga jarirai, watau ita ce ainihin mai laifin da ake ta kira haƙori. Matan maƙwabta suna cika layin awo da sassafe. Ya kamata a tambayi kai, matan Sabo nawa ne a cikin layin?

Na uku shi ne kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, asibiti kuma ba ya raina aljihu. Amma a yi lissafi. Maganin haƙori, da kafso, da allurar kyamis, da ladan wanzami, in an tara na kwana uku sau da yawa ya fi kuɗin kati da gwajin jini a asibitin unguwa. Yaron da aka kai a ranar farko da ORS ko ƙwayar kwana 3 zai koma gida. Wanda aka kai a rana ta biyar sai gado da ƙarin ruwa da ƙarin jini. Jinkiri ne ke sa asibiti tsada.

Na huɗu shi ne wulaƙanci da rashin jin yare. Wannan kuka ne na gaskiya, ba za a share shi ba. Mace ta je da yaro, ba ta jin Yarabanci ko Turanci, a daka mata tsawa a gaban jama'a, a tambaye ta don me sai yanzu, ta dawo gida ta rantse ba ta ƙara zuwa. Ma'aikaciyar jinyar da ke yin haka ta ci amanar aikinta. Amma fushi da asibiti a kan yaro yake ƙarewa. Abin yi shi ne a raka mace da mai jin yaren, a kuma kai ƙarar wulaƙanci ga shugaban asibitin ta hannun shugabannin unguwa.

Na biyar, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne izini. Maigida ya fita tun asuba, yana kara, ko Mil 12, ko kan acaba, ko wurin gadi, wani ma yana kan hanyar Arewa da mota. Yaro ya tashi da ciwo, uwa ta ga alama sarai, amma ba ta da izinin fita, ba ta da ko kwabo a hannu. Ta zauna tana kallon ɗanta yana narkewa har maigida ya dawo bayan isha, ya ce a bari sai da safe. Yara da yawa sun tafi a tsakanin ishar nan da safiya. Wannan laifi a wuyan maza yake, ba a wuyan mata ba.

ABIN DA YA RAGE A YI

Kowane magidanci ya kira iyalinsa yau ya ba da izini na dindindin, cewa duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi ko gudawa a kai shi asibiti ba sai an jira shi ba. Ya ajiye kuɗin mota da na kati a wuri sananne, kada a taɓa su don cefane. Ya sayo ledar ORS da zink ya ajiye tun kafin a bukata, ya kuma riƙa duba katin awo da idonsa kamar yadda yake duba littafin bashin shagonsa.

Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da limamai, da shugabannin kara da na kasuwanni, su ma aiki yana gabansu. Su ne ake saurara in an yi rikicin fili ko na haraji, to su yi amfani da wannan murya a kan rayukan yara. A ware mata masu jin Yarabanci ko Ibo ko Turanci a kowace unguwa su riƙa rakiya ranar awo. A yi asusun gaggawa a masallaci domin yaron da ciwo ya kama da dare. Limami ya faɗi maganar a kan mumbari, malamar Islamiyya ta maimaita ta ga mata. Iyaye mata dattijai kuwa, waɗanda maganarsu ce hukunci a ɗakin mai jego, a zauna da su cikin girmamawa a yi musu bayani, domin in tsohuwa ta ce a tafi asibiti babu mai musa mata.

Gwamnatocin jihohin Kudu su sani cewa waɗannan yara 'yan Nijeriya ne, a ƙasarsu aka haife su, iyayensu kuma suna biyan kuɗin shiga a kasuwa kullum rana ta Allah. Asibitin da ke maƙwabtaka da Sabo ya kamata a ce yana da ma'aikaci ko tafinta mai jin Hausa, masu rigakafi kuma su riƙa shiga lungunan unguwar. Hukumar NAFDAC da masu ba da lasisin shagunan magani su matsa wa masu allura a bayan kanta da masu tallar magani a faranti, kada a jira sai an sake ƙidaya gawarwaki kamar na 2008.

Haƙori dai zai ci gaba da fitowa kamar yadda yake fitowa tun zamanin Annabi Adamu, bai kuwa taɓa neman ran kowa ba. Ranar da yaro ya tashi da zafin jiki ko tsinkewar ciki, wani ya buɗe baki zai ce haƙori ne, a ce masa to an ji, amma bari likita ya gani tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi.